Yadda na haɗa wa mutum 10 abin taɓawa ranar wasan ƙarshe, da inda lissafina ya kuskure

Daren Laraba, 14 ga Disamba 2022, Faransa ta fitar da Maroko da ci 2 da nema, aka san cewa ita da Ajantina ne za su kara a wasan ƙarshe na Gasar Cin Kofin Duniya ranar Lahadi. Ba mu tashi daga gaban talabijin ba sai da aka tayar da maganar inda za mu haɗu mu kalla. Na ce a zo wurina, kuma abin taɓawa yana wuyana. Wani abokina ya ce in bari kowa ya riƙo abin da ya samu, na ƙi, domin na daɗe ina son in karɓi baƙuncin abokan nan da girkin hannuna. A zatona tunda ba shinkafa da miya zan dafa ba, ƙananan abubuwa ne da ake ɗauka da yatsu, aikin ba zai fi na yini ɗaya ba. Kwana 4 ya ci mini. Ina rubuta yadda abin ya gudana daki-daki ne domin wanda zai yi irinsa ya ga wuraren da na yi tuntuɓe tun kafin ya isa gare su.

Ranar Alhamis na zauna da biro da takarda. Mu 10 ne har da ni. Na jera abubuwa 7: gasassun fukafukan kaza, samosa, dunƙulen nama a tsinke, gasasshen dankalin turawa, yankakken karas da kokwamba da yogot na dangwale, dakakkiyar fiya da lemun tsami, sai gugguru. Daga nan na kira yayata, wadda ta fi ni sanin hidimar taro nesa ba kusa ba, na karanta mata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Ƙanina, obin nawa gare ka?” Na ce ɗaya. Ta ce, “To guda 3 a cikin abin da ka lissafa duk obin suke jira, na huɗun kuma yana son ka tsaya a kan kasko. Wa zai kalli ƙwallon?” Na ce, “Yaya, zan tsara.” Ta ce in rage biyu, ban rage ba. Amma ta ba ni ma'auni ɗaya da na riƙe har yau: duk abin da zan kai gaban masu kallo, ya zama ana ɗaukarsa da hannu ɗaya, ba cokali, ba wuƙa, ba ya ɗiga, kuma mutum zai iya kai shi baki ba tare da ya ɗauke ido daga talabijin ba. Ta kuma sa na tambayi kowa ko akwai abin da jikinsa ba ya so. Da farko na ga kamar tambayar ta yi yawa, sai ga shi ɗaya daga cikinsu ya rubuto cewa gyaɗa tana kumbura masa fuska tana toshe masa numfashi. Shekaru muna tare ban sani ba. Wannan ya sa na soke soyayyar gyaɗar da na so in watsa a faranti, kuma da na je sayen man suya sai da na karanta jikin galan na tabbatar ba na gyaɗa ba ne.

Juma'a na yi cefane: kilo 3 na fukafukai, kilo ɗaya da rabi na niƙaƙƙen nama, kilo biyu da rabi na dankali, fallayen samosa na saye guda 60, fiya 4, sai albasa, tafarnuwa, citta, barkono, masoro, bota da zuma. Fukafukan su kaɗai sun cinye kusan rabin kuɗin da na ware, naman ya biyo baya, sauran kayan duka ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Abubuwan da ban saka a lissafi ba su ne suka sa na zarce: man suya mai yawa, tishu, tsinken sakace, takardar shimfiɗa a tire, da ɗan ƙaramin ma'aunin zafi irin wanda ake soka wa nama. Na yi ta jinkirin sayen wannan ma'auni, ina ganin ɓarnar kuɗi ce. A ƙarshe shi ne abin da ya fi komai amfani a cikin kayan da na sayo. Kuskuren ranar shi ne fukafukan da na samu daskararru ne, dunƙule guda kamar dutse, kuma ban tuna da girman firjina ba sai da na dawo gida na tsaya da ledoji a hannu. Sai da na kwashe kwalaben ruwa da na lemo duka kafin kaji su sami wuri. Na sa su a can ƙasa cikin roba mai zurfi, don kada ruwan ɗanyen kaza ya ɗiga a kan wani abu.

Na ɗauka kafin safiyar Asabar sun saki. Da na duba, gefe ya yi laushi, tsakiya tana nan da ƙanƙara. Na so in fito da su in bar su a kan teburin kicin, sai na tuna gargaɗin Yaya cewa a haka saman naman yake ɗumama ƙwayoyin cuta su hayayyafa alhali cikinsa bai narke ba. Sai na ƙulle su a leda na nutsa cikin ruwan sanyi, ina sauya ruwan duk minti 30. Awa 2 da ban shirya mata ba ta tafi a nan. Da suka saki na raba kowane fiffike biyu a daidai gaɓa, na cire ɗan tsinin da ba shi da nama, na sami yanka 60 da 'yan kai. Sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya da tishu har fatar ta bushe ƙamas. Wannan shi ne sirrin fiffiken da ake gasawa ya fito da ƙaras-ƙaras kamar an soya: danshi ne ke hana fata ƙamewa. Na barbaɗa gishiri da bekin foda, ƙaramin cokali ɗaya na kowanne ga duk rabin kilo, na jera su a kan ragar ƙarfe a cikin tire, na mayar firji a buɗe su kwana. A nan na kusa yin ɓarna babba, domin gwangwanin da na fara ɗaukowa bekin soda ne. Kamanninsu ɗaya, fararen gari ne dukansu, amma soda ta fi ƙarfi ninkin-ba-ninkin, kuma in aka zuba ta da wannan yawa naman zai yi ɗaci kamar sabulu. Cokalin yana hannuna na ga rubutun. Bayan na gama na wanke katako da wuƙa da hannuna da sabulu da ruwan zafi, na ware wani katakon daban saboda kayan lambu, tunda su ɗanyu za a ci.

Samosa ce ta ba ni wahalar da ba zan manta ba. Na soya rabin kilo na naman da albasa da citta da tafarnuwa, ƙamshi ya cika gida, kuma don ɗoki na fara naɗi naman yana tururi. Guda 8 na farko duk sun jiƙe, biyu sun yage a hannuna. Na gwada soya 3 daga cikinsu, ɗaya ta buɗe a cikin mai, nama ya watse, man ya yi ta fantsama. Na kira Yaya raina a ɓace. Ta tambaye ni ko naman ya huce, na ce a'a. Ko na ƙone ruwansa, na ce akwai ɗan romo a ƙasa. Ta ce, “Shi ke nan matsalarka. Mayar da shi wuta har ya bushe, ka baza a faranti ya yi sanyi sarai, sannan ka taɓa fallen.” Ta ƙara da cewa in dama fulawa da ruwa ta yi kauri kamar koko in riƙa liƙe baki da ita, in kuma rufe sauran fallayen da ɗan tsumma mai danshi don kada iska ta busar da su su karye. Haka na yi, abin ya daidaita. Sai dai naɗin akwai cin lokaci: guda 50 sun kai ni kusan awa 2, ni kaɗai, bayana yana ciwo. Na jera su a tire ba tare da sun taɓa juna ba na sa a firiza. Dunƙulen nama bai ba ni wuya ba. Kilo ɗaya, ƙwai ɗaya, garin busasshen burodi, albasa da masoro, na mulmula guda 40 na ajiye. Dankali na yanka tsaye-tsaye, na tafasa minti 7 a ruwan gishiri, na tsane, na bar shi ya sha iska. Ban kwanta ba sai tsakar dare, amma na kwanta da tunanin cewa na ci ƙarfin aikin.

Ranar Lahadi na shiga kicin saura awa 3 a take wasa, ina ganin lokaci har ya yi yawa. Nan tambayar Yaya ta dawo mini. Fukafukai suna son zafin digiri 220 a ma'aunin Celsius na kimanin minti 45, a juya su a tsakiya, kuma in aka cunkushe su a tire tururi suke yi maimakon gasuwa. Yanka 60 ba su shiga zubi ɗaya ba, sai biyu. Awa ɗaya da rabi ke nan, ban da lokacin da obin ya ɗauka kafin ya yi zafi. Dankali yana son minti 35, dunƙulen nama minti 20. Da na haɗa lissafin a tsaye a gaban obin, na ga ya kai kusan awa 2 da rabi, ban da lokacin da obin zai yi zafi, ba wani sararin numfashi. Na soka ma'auni a cikin fiffike mafi kauri na zubin farko, ya wuce digiri 74 da ake bukata ga kaza, na sami natsuwa. Dunƙulen nama kuwa, da na fito da shi don ya yi ja a waje, ma'aunin ya nuna 63, alhali niƙaƙƙen nama sai ya kai 71. Da ido na yi aiki, da na kai wa mutane shi a haka. Na mayar na ƙara masa minti 6. A tsakanin nan na narkar da bota da zuma da barkono don shafa wa rabin fukafukan, na daka fiya tun da wuri don in rage aiki, abin da bai kamata in yi ba.

Baƙi sun fara sallama ban ɗora mai a wuta ba. Aka busa usur a filin Lusail da ke Katar ina tsaye da matsami a hannu. Ƙwallon farko, fenaretin da Messi ya ci a minti na 23, na gan ta daga bakin ƙofar kicin. Sai gaggawa ta kama ni, na zuba samosa 15 a lokaci guda, daskararru daga firiza. Man da yake digiri 175 ya faɗi ƙasa da 140, kumfar suya ta mutu, samosa suka kwanta suna shan mai. Babu abin yi sai jira. Ina wannan jiran ne falo ya kaure da ihu. Di María ne ya ci ta biyu a minti na 36, ƙwallon da aka kai ta da taɓi kaɗan tun daga gidan Ajantina har raga. Ban gan ta ba. Na ga maimaici daga baya sau da yawa, amma ba ɗaya ba ne da ganin abu lokacin da yake faruwa, kana tare da mutanen da ka tara domin shi. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Wani abokina ya leƙo ya ce, “Malam, bar wannan ka zo ka zauna, ba cin abinci ya kawo mu ba.” Na ce saura kaɗan. Ba kaɗan ba ne, domin ragowar sai da na soya su 6-6 kamar yadda ya kamata tun farko, ina barin man ya dawo da zafinsa tsakanin zubi da zubi.

Na ƙara wani kuskuren a kan wannan. Don kada samosar ta huce, na juye ta a kula na rufe. Da na buɗe a hutun rabin lokaci, tururi ya sa duk ta yi laƙwas. Abin da ya cece ni obin ne, wanda a lokacin ya sami sarari: na jera su a kan raga, minti 5 a digiri 200, suka farfaɗo, ko da yake na zubin farko da suka sha mai ba su dawo daidai ba. Fiyar da na daka tun awa 2 baya kuwa samanta ya yi duhu, saboda da zarar iska ta taɓa ta launinta yake juyawa. Ɗanɗanonta bai lalace ba, na kwashe saman na ƙara matsa lemun tsami, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Minti 15 na hutun ya ƙare ina kai da kawo, kuma don in huta gaba ɗaya sai na kwaso komai na jibge a tebur lokaci guda.

A ganina wannan shi ne babban kuskuren ranar, ya fi na samosa. Ajantina tana gaba da ci 2, Faransa ba ta tabuka komai ba, har kocinta ya cire Giroud da Dembélé tun kafin a tafi hutu. Kowa ya ɗauka an gama. Mai kallon da hankalinsa ya kwanta kuwa hannunsa ba ya barin faranti. Kafin minti na 75 fukafukai sun ƙare ƙaƙaf, samosa ta ƙare, dunƙulen nama saura tsinkaye. Sai Mbappé na Faransa ya ci fenareti a minti na 80, ya sake zura ƙwallo a na 81, falo ya hargitse, ba wanda ya ƙara tuna abinci. Da aka tafi ƙarin lokaci na minti 30, yunwa ta dawo wa mutane, ni kuwa ba ni da komai sai dankalin da ya huce da 'yan sandunan karas. Lissafina gaba ɗaya na minti 90 ne. A 'yan mintunan da ake bayarwa kafin fara ƙarin lokaci na ruga na ɗora tukunya, mai cokali 3, masarar gugguru rabin kofi, na rufe ina girgizawa. Minti 4 ya isa. Abin da na saka a ƙarshen takarda don cike gurbi, shi ya riƙe mu lokacin da Messi ya ci ta uku a minti na 108, Mbappé ya farke a na 118, mai tsaron gidan Ajantina Martínez ya tare ƙwallon Kolo Muani da ƙafa a daƙiƙun ƙarshe, har aka je bugun fenareti Ajantina ta ɗauki kofin da ci 4 da 2. Waɗannan duka na gan su a zaune, da kwanon gugguru a cinyata.

Bayan an watse na tarar da aikin da ban hango ba. Ban ajiye kwanon zuba ƙashi ba, don haka kowa ya naɗe nasa a tishu ya tura inda ya samu. Fukafukan da na shafa wa zuma sun bar shaidar yatsu a jikin rimot da hannun kujera, kuma na lura waɗanda ba su da shafi ne suka fara ƙarewa, domin ba sa ɓata hannu. Yogot ɗin dangwale ya kai kusan awa 3 a tebur. Ƙa'idar ita ce abinci mai saurin lalacewa kada ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafin wurin ya haura digiri 32, awa ɗaya. Na ji zafin zubar da shi, amma na zubar.

Da na ba Yaya labari washegari ba ta ce ai na gaya maka ba. Cewa ta yi in rubuta abin da ya faru tun ban manta ba, kuma in fara lissafi daga lokacin busa usur in yi baya, ba daga lokacin da na ga dama in shiga kicin ba. Da na gwada hakan a takarda, sai na ga inda matsalar take a fili. Abin da ke bukatar mutum ya tsaya a kansa, wato suya, shi ya kamata a gama awa ɗaya kafin wasa, a jera a kan raga a cikin obin mai ɗan ɗumi, digiri 90 zuwa 100, ba a kula mai murfi ba. Abin da ke shiga obin kada ya wuce iri biyu, ɗaya ma a gasa shi tun jiya a ɗumama kawai, kuma dunƙulen nama yana jure wannan sosai. Daskararriyar kaza mai yawa tana son a saka ta firji kwana 2 kafin ranar da za a taɓa ta. Fiya aikin minti 5 ce, a bar ta sai an kusa ci, in kuma dole ne a yi da wuri, a matsa lemun tsami a manna leda a kan fuskarta yadda iska ba za ta shiga ba. Naɗin samosa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, kuma tayin da abokina ya yi mini tun daren Laraba ya kamata in karɓi rabinsa, ko da lemo da ƙanƙara ne wani zai riƙo, wanda da ya sama mini wuri a firji.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne rabon abincin. Ba a fitar da shi gaba ɗaya. Kashi uku ake yi: mai sanyi da marar nauyi kafin a fara, mai zafi a hutun rabin lokaci, sannan a ɓoye wani abu a kicin wanda ba wanda ya san da shi. In wasan na sili-ɗaya-ƙwale ne, a ɗauka tun farko cewa zai iya kai awa 3, domin ban da ƙarin lokaci da fenareti, akwai mintunan da alƙalin wasa yake ƙarawa, waɗanda a gasar Katar suka yi tsawo fiye da yadda aka saba. Na dangwale kuma a zuba kaɗan a ƙaramin kwano, sauran ya zauna a firji ana ƙarowa.

Ranar 10 ga Yuni 2023 na sake tara su, wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai tsakanin Manchester City da Inter Milan a Istanbul. Abubuwa 4 na yi. Fukafukai ba shafi, miyar zumar a gefe ga mai so. Samosa mun naɗe ta mu uku tun ranar Alhamis, muna hira, cikin minti 40. Na kashe wutar kasko saura awa ɗaya, na ajiye kwanon ƙashi biyu a ƙarƙashin tebur, na ɓoye samosa 15 a bayan obin saboda ƙarin lokaci. Ba a je ƙarin lokacin ba. Rodri na Manchester City ya ci ƙwallo ɗaya tilo a minti na 68, ina zaune a tsakiyar abokaina na ga yadda ta fito daga ƙafarsa ta shige raga. Samosar da na ɓoye ita na naɗe wa mutum biyu da suka tsaya taya ni wanke-wanke.